Takalmin da Nuru Ya Ƙi Cirewa

"Ki faɗa wa yarinyar nan," in ji Alhaji Giɗaɗo, da matarsa yake alhali yarinyar tana zaune taku uku daga tabarmarsa, "jibi Juma'a. In malamin dabbobin nan bai tako gidan nan ya gaishe ni ba, ranar Asabar a ɗaure masa goronsa da gishirinsa a mayar masa."

Mardiyya ta ci gaba da dama furar da ke gabanta, amma ludayin ya fara karo da ƙwarya.

Haka mahaifinta yake, wanda take kira Baffa. Ita ce 'yar fari, shekara ashirin da huɗu ke nan bai taɓa kiran sunanta ba, balle ya dube ta ido da ido a kan zancen aure. Sai dai ya bi ta bakin Inna Fure, sai ka ce 'yar tasa tana wani gari.

"Alhaji, a yi masa uzuri," in ji Inna Fure a hankali. "Damina ce, aikin rigakafi ya yi musu yawa."

"Sati shida? Wane irin aiki ne wannan? Sai waya. Ni za a riƙa gaisarwa ta waya? Ran nan a kasuwar kara na hange shi bisa babur, ya ɗago mini hannu. Hannu, Fure! Ko sauka bai yi ba, a gaban mutane."

Ya kurɓi ruwa ya furzar gefe.

"Isma'ila kuwa duk Juma'a daga Zugurma yake tasowa cikin taɓon nan, tun daga bakin darni yake tuɓe takalminsa. Ɗan wana ne, jinina ne, amma bai ce don haka ya fi ƙarfin durƙuso ba. Ni ba zan yi mata dole ba, ban taɓa yi wa kowa ba. Amma wanda ya raina ni tun bai karɓa ba, ba zan ba shi ba."

Ya ɗauki sandarsa ya nufi garke.

To, wanda bai san yadda aka sha wahala kafin a kawo nan ba, ba zai gane abin da ya sa idon Mardiyya ya kawo ruwa ba. Nuru ba Bafulatani ba ne. Mutumin Dukku ne ta nan ƙasar Kontagora, yana da shagon maganin dabbobi a cikin Kontagora, yana kuma zagaya rugage yana yi wa shanu allura. Shekara biyu cur yana neman ta, dangin Baffa suna cewa ba a taɓa yi ba, ba kuma za a fara a kansu ba. Abin da ya karya zuciyar tsohon ƙaramin abu ne. Wata rana ana riƙe da bijimi za a yi masa allura, ya ɗora kofato a kan ƙafar Nuru da dukan nauyinsa. Nuru ko gezau. Ya gama allurarsa, ya share hannu, ya ce a kawo na gaba.

Ranar Alhaji ya dawo gida yana murmushi, abin da ba kullum ake gani ba. Ya ce wa Inna Fure yaron nan yana da fulako, wannan halin da Fulani suke taƙama da shi na ƙin nuna yunwa da ƙin nuna ciwo. Bayan wata guda aka karɓi goro.

Yanzu ga shi saura wata biyu a sa rana, Nuru ya ɗauke ƙafa. In ta kira shi sai ya ce yana Mashegu, ko ya ce ruwa ya tare shi. Tun jiya ma wayar a kashe take.

*

Ana tashi daga makarantar firamaren da take koyarwa, Mardiyya ta hau babur ta wuce shagonsa. Ta tarar da kwaɗo a ƙofa.

Madam Hannah, mai gasa masara a gefen shagon, ta ajiye mafici ta dafe ƙirji.

"Malama, ke ba ki sani ba? Jiya Malam Nuru ya faɗi a nan, nan ɗin nan, jiki zafi kamar murhuna. Maigidana ya kai shi asibiti. Ya ce kar a faɗa wa kowa, amma ke ai ta gida ce."

Mardiyya ba ta san lokacin da ta koma kan babur ba. Abin da ya zo mata shi ne suga. Ta san yana da ciwon suga, tun farkon haɗuwarsu ya gaya mata. Tun yana shekara goma sha tara yake yi wa kansa allura safe da yamma. Su biyu suka shirya ɓoye wa Baffa, har sai bayan biki. Ta ɗauka sugan ne ya hau ko ya faɗi, a sa masa ruwa ya warware.

Tun daga bakin ɗakin ta ji warin. Ba warin magani ba ne, wani abu ne daban.

Yana kwance, an maƙala masa ƙarin ruwa, ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Yana ganinta ya fizgo bargo ya rufe ƙafarsa ta hagu.

"Wa ya gaya miki?"

"Sannu za ka fara amsawa, Malam, ko tambaya za ka fara yi?"

Ya kawar da kai. Ta jawo kujera ta zauna, ta kafa wa bargon ido.

"Buɗe in gani."

"Ba wani abu ba ne, ɗan gyambo ne."

"To buɗe ɗan gyambon."

Bai buɗe ba. Ana cikin haka likita ya shigo, wani gajeren dattijo mai furfura a gemu, ana ce masa Dakta Matthew. Ya dubi Nuru, ya dubi Mardiyya, ya gane ko wace ce ba tare da an gaya masa ba.

"Malam Nuru, ka yarda in yi bayani a gabanta? In ba ka yarda ba, sai ta ɗan fita."

Nuru ya dubi Mardiyya. Can ya ce, "Ai ta riga ta zo."

Likita ya yaye bargon, ya warware bandejin. Mardiyya ta yi salati ta toshe bakinta da mayafi. 'Yan yatsu biyu na ƙarshe sun yi baƙi ƙirin, tafin ƙafar ya kumbura, ga wani shuɗin launi ya rine fatar ko'ina.

"Wannan shuɗin ba ciwo ba ne," in ji likita. "Feshin da ake yi wa shanu ne in sun ji rauni. Sati shida mutumin naki yana jinyar kansa da maganin shanu."

"Yana aiki a jikinsu," in ji Nuru ƙasa-ƙasa.

"Su ba su da suga, Malam."

Ya jawo kujera shi ma ya zauna, ya yi maganar dalla-dalla yadda ba sai an maimaita ba. Ƙusa ce ta huda takalmin Nuru a wani garke wajen Mashegu, ya wuni yana takawa bai sani ba, sai da ya ga jini a safa. Suga in ya daɗe a jiki yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa, mutum ya taka wuta ma bai ji ba. Kuma rauni a jikin mai suga ba ya saurin warkewa.

"Da a satin farko ya zo, kankare mataccen naman kawai za mu yi, mu riƙa wankewa, ya koma gida da yatsunsa goma. Wannan ƙofar ta rufe. Hoto ya nuna ciwon ya taɓa ƙashi. Abin da ya rage yanzu shi ne a cire yatsun nan biyu da ɗan abin da ke bayansu. Sa'ar da ya yi, jini yana gudu sosai a ƙafar, na taɓa na ji. Akwai waɗanda hanyoyin jininsu suke toshewa, sai an tura su babban asibiti an buɗe kafin a yi komai. Shi ba ya bukatar wannan. In muka yi gobe, muka riƙe sugansa, zai warke, zai taka, zai hau baburinsa. Takalmi na musamman kawai zai riƙa sawa."

"In ba a yi gobe ba fa?" in ji Mardiyya.

Likita ya ɗora yatsa a ƙwaurin Nuru, ɗan ƙasa da gwiwa.

"Nan za mu koma magana. Ba watanni nake nufi ba, Malama, kwanaki. In kuma ya shiga jini, ba ta ƙafa za a yi ba."

Ya miƙe.

"Shi kuma ya ce in sallame shi, yana da uzuri ranar Juma'a. Ba ni da ikon ɗaure shi. Ki gwada, wataƙila ke ya ji taki."

*

Ƙofa na rufuwa Mardiyya ta fashe da kuka. Ta yi mai isarta, shi kuwa yana kallon rufin ɗaki.

"Shi ya sa ka ƙi zuwa gaida Baffa."

"Ta yaya zan je? Zan shiga wurin surukina da takalmi ne? In na cire kuma ya gani. Ranar da na hange shi a kara, wallahi Mardiyya na so in sauka, amma in na sauka dole in tuɓe in durƙusa. Na ɗaga masa hannu na wuce."

"Ya ce raini ne. Ya ce in ba ka zo jibi ba a mayar maka da goro."

"Na sani. Ƙaninki ya turo mini saƙo tun shekaranjiya cewa ransa ya ɓaci." Ya yunƙura ya zauna. "Shi ya sa zan fita. In naɗe ta da kyau, in sa baƙar safa, in je in durƙusa minti biyar. A sa rana, a ɗaura aure. Bayan nan su yanke duk abin da suke so."

Ji wani tunani don Allah. Mutum mai ilimi, wanda makiyaya suke tasowa tun daga daji su nemi shawararsa.

"Wata biyu, Malam? Ba ka ji abin da likita ya ce ba?"

"Likitoci haka suke, sai su tsoratar da mutum."

"Kai in ka ga haka a ƙafar saniyar wani, me za ka ce masa?"

Ya dubi ƙafar tasa.

"Mardiyya, ke kin san da me na samu Baffa. Ba shanu gare ni ba, ba dangi ɗaya muke ba. Abu ɗaya ya gani a jikina, ranar bijimin nan." Ya sunkuyar da kai. "Ban ji ba ne. Wallahi ban ji komai ba. Sai da na koma gida na ga farcena ya fita. Da ya fara yabona sai na kasa cewa komai, na bar shi a haka. Yanzu in je in ce masa jarumtar nan cuta ce? In ce masa ga surukinsa mai yatsa takwas, mai allura safe da yamma? Isma'ila yana nan lafiyarsa ƙalau, yana iya bin shanu daga nan har Borgu a ƙasa."

"Ni na ce maka shanu nake so a bi mini?"

"Ba ke za ki bayar da kanki ba."

Gaskiya ce, ta kuwa soke ta. Ta share hawaye da bakin mayafi, wasu suka biyo.

"Shekara biyu na jira ka," ta ce. "Gwaggonnina sun daina amsa gaisuwata saboda kai. Ban yi wannan don in zo in tsaya a kan kabarinka ana ce mini ya yi fulako ba. Kai ba ma Bafulatani ba, ka zo ka fi mu ɗaukar abin da zafi!"

"Ki yi mini alkawari ɗaya. Kar ki gaya masa."

"Ka yi mini alkawari za ka bari a yi aikin gobe."

"Bayan Juma'a."

"Gobe."

"Mardiyya, in kika faɗa masa, ke kika raba mu da hannunki. Ki sani."

Ta daɗe tana kallonsa. Tana son mutumin nan, so irin wanda ba ta iya faɗa ko wa Inna ba. Kuma ta ga sarai abin da ke gabanta. In ta yi shiru, za ta iya samun miji na 'yan kwanaki. In ta yi magana, zai rayu da ƙafarsa, wataƙila a gidan wata.

Ta ɗauki jakarta.

"Allah ya ba ka lafiya, Malam."

"Ba ki yi alkawarin ba."

"Ban yi ba," ta ce, ta fita.

*

La'asar sakaliya ta samu Baffa a bayan gida yana ɗaure maruƙa a dangwali. Hadari yana haɗuwa ta gabas. Ta tuɓe takalmi, ta durƙusa nesa kaɗan. Tun da aka haife ta ba ta taɓa yin abin da za ta yi yanzu ba.

Bai juyo ba. "Ina uwarki?"

"Tana ciki. Da kai nake son magana, Baffa."

Hannunsa ya tsaya a kan igiya.

Ta sunkuyar da kai ta faɗa masa duka, ba ta rage ko ɗaya ba. Sugan, da allurar, da ƙusar Mashegu, da feshin shanu, da yatsun da suka mutu. Ta faɗi dalilin da ya hana Nuru sauka daga babur. Har gaskiyar ranar bijimi sai da ta faɗa.

Maraƙi ɗaya ya yi kuka, uwarsa ta amsa daga garke.

"Tun yaushe aka san da ciwon?"

"Tun farko, Baffa."

"Shekara biyu."

"E, Baffa."

"Ina zaune cikin 'yan'uwana ina bugun ƙirji, ina cewa na samo wanda ya fi 'ya'yansu jimiri. Ana kallona."

"Ka yafe mini. Ba don auren na zo ba. In ka ce a mayar da goron, a mayar. Amma maganarka kaɗai yake tsoro a duniya. In ba kai ka ce ya tsaya ba, gobe zai sa hannu ya fita, jibi ya zo nan da ruɓaɓɓiyar ƙafa cikin safa ya durƙusa maka. Ni dai kar ya mutu saboda gaisuwa."

Alhaji ya ƙulla igiyar ƙarshe, ya ja ta ya ga ta kamu.

"Tashi ki ba ni wuri."

Inna Fure tana bayan darni, duk ta ji. Mardiyya na shigowa ta kama hannunta ta ja ta ɗaki.

"Kin kashe aurenki da bakinki, kin huta? Wace 'yar fari ce take tsayawa gaban ubanta da zancen saurayi?"

"Inna, mutuwa zai yi."

"Da kin gaya mini, ni in san yadda zan bi da shi." Ta zauna a bakin gado, fushin ya sauka, abin da ke ƙarƙashinsa ya fito. "Kuma ke, kin yi tunani kuwa? Ciwon nan ba ya tafiya. Yau yatsa, gobe Allah kaɗai ya sani. Aure za ki yi ko jinya? Ni uwa ce, dole in tambaya."

"Na yi tunani, Inna. Tun ran da ya fara gaya mini nake yi. In yana kula da kansa, mutane suna tsufa da shi. Abin da ya kai shi nan ɓoyo ne, kuma da ni aka yi ɓoyon."

Ruwa ya sauko, aka shiga kwashe shanya. Baffa bai ci tuwon da aka kai masa ba.

*

Washegari da hantsi Baffa ya fito sanye da malfa, da sanda a kafaɗa. Ya tsaya a tsakar gida ya dubi matarsa.

"Ki ce ta wuce gaba ta nuna mini wurin."

Suka tarar da Nuru zaune a bakin gado, an cire masa ƙarin ruwa bisa matsawarsa, ga takardar sallama a gefe, yana ta fama ya cusa kumburarriyar ƙafa cikin takalmi. Dakta Matthew yana tsaye ya harɗe hannu, da wata ma'aikaciyar jinya, Sista Helen.

Nuru ya ɗago ya ga wanda ke bakin ƙofa. Takalmin ya suɓuce. Ya yunƙura zai zube ƙasa.

"Zauna," in ji Alhaji Giɗaɗo.

"Baffa, barka da..."

"Na ce zauna. Likita, buɗe mini."

Aka warware. Tsohon ya jingine sandarsa, ya tsuguna. Bai toshe hanci ba. Ya kusanto da fuska ya shinshina, ya danna saman ƙafar da babban yatsa ya ga ramin da ya bari, ya bi jan da ya fara hawa idon sawu da kallo. Yadda yake duba dabba a kara, haka ya duba ta, ba gaggawa.

"Shekara arba'in ina duba kofato," ya ce. "Dabbar da ƙafarta ta kai haka, ba na bari rana ta faɗi ban sa wuƙa na cire ruɓar ba. Kai da kake sayar mana da magani ka fi ni sani."

"Baffa, tsoro na ji." Hawaye ya zubo wa Nuru, bai ko share ba. "Na ji tsoron ka gani."

"Sati shida ina kwana da haushinka. Na ce yaron nan ya samu wuri ya raina ni. Ashe wauta ce ba raini ba." Ya miƙe da ƙyar, gwiwarsa ta yi ƙara. "Wa ya gaya maka haka fulako yake? A doke ka ka ƙi kuka, wannan mun sani. Amma ka bar jikinka yana ruɓewa cikin takalmi don kar tsoho ya gani? Ko a daji ba ma yin haka. Likita, yaushe za ku yi?"

"Ka ci wani abu yau, Malam Nuru?"

Nuru ya girgiza kai.

"To sugansa ya sauko tun jiya. In ya sa hannu, kafin azahar mun shiga. Allura za mu yi masa a baya, ƙafar ta mutu, idonsa biyu."

"Baffa, maganar Juma'a..."

"Ban zo maganar Juma'a ba."

Nuru ya dubi tsohon, ya nemi wani abu a fuskarsa, bai samu ba. Sai ya juya ga Mardiyya da ke raɓe a jikin bango. Kallon da ya yi mata ba za ta manta da shi ba.

"Shi ke nan," ya ce. "Kin samu abin da kike so."

Ya karɓi biro ya sa hannu. Ta san abin da yake sa wa hannu a ransa: ya ba da yatsu biyu, ya kuma ba da ita. Ta cije leɓe ta ƙi yin kuka a gaban Baffa.

Aka ɗora shi a keken marasa lafiya aka tura shi ɗakin shiri. Bai waiwayo ba.

Suka zauna a bencin baranda, uba a wannan ƙarshe, 'ya a wancan. Can sai ga Sista Helen da takarda a hannu.

"Saura shaida. A nan sai wani nasa ya sa hannu a ƙasan nasa. Ya ce wansa ya taso daga Dukku, amma ruwan jiya ya cika rafi, sai yamma zai iso. Ba za mu jira yamma ba."

Mardiyya ta miƙa hannu.

"Ke matarsa ce?"

Hannun ya tsaya a iska. "A'a."

"Ƙanwarsa?"

"A'a, Sista."

"Kawo nan," in ji Alhaji Giɗaɗo.

Ba ya rubutun boko. Sista ta buɗe masa tawada, ya danna babban yatsa, ya dangwala a inda ta nuna.

"Yawwa Baba. Sunanka?"

Ya faɗa, ta rubuta.

"Saura gurbi ɗaya. Me kake a wurinsa?"

Baffa ya dubi tawadar da ke yatsansa, ya dubi filin asibitin inda ruwa ya kwanta, ya daɗe har Sista ta ɗago kai.

"Rubuta suruki," ya ce.

Sista Helen ta rubuta, ta juya za ta tafi. Mardiyya ta tashi da gudu ta cim mata a bakin ƙofar ɗakin tiyata, ta riƙe mata gefen riga, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Sista, don girman Allah, kafin a fara, ki nuna masa takardar nan. Ki nuna masa layin ƙarshe."

Sista ta dube ta, ta yi murmushi, ta shige. Ƙofar ta rufe.

Mardiyya ta dawo ta zube a gaban mahaifinta, gwiwa biyu a kan siminti.

"Baffa..."

"Ban da surutu," ya ce, yana kallon wani wuri daban. "Samo mini ruwa in wanke hannuna."